Akwatin da Ya Hana Ni Guga

Asabar, 14 ga Maris, 2009

Tumatir ya yi kuɗi bana. Tun bara maigidana Ɗanbaba, Baban Kubra, ya yi mini alkawarin rufin kicin in noman rani ya karɓa. Yau da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, na fito da murna ina zaton kwano ne. Sai ga wasu baƙaƙen faranti masu ƙyalli, da manyan batura, da ƙaramin firij, da wani akwatin ƙarfe wai shi inbata. Kwano kuwa ko ɗaya.

Wani Abel, mutumin Jos da ke da shago a Kano, shi ya haɗa. Ya kafa farantan a kan rufi, akwatin kuma a bangon falo. Ya ce, "Malama, in akwai wutar gwamnati, akwatin zai bar ta ta shiga gida, ya kuma cika batir da ita. In an ɗauke, sai ya juya kan batir da kansa. Da rana kuma farantan su ke cika batirin."

Na ce, "In damina ta zo, a ƙarƙashin farantin zan yi girki?"

Abel ya yi dariya. Baban Kubra bai yi ba.

Litinin, 16 ga Maris

Na tashi zan goge kayan makaranta, nawa da na Kubra. Ina jona dutsen guga akwatin ya tsala ihu, komai ya mutu. Baban Kubra ya fito a guje ba ko hula.

Ashe soket iri biyu ne yanzu a gidan nan. Masu jan fenti na akwati ne: ƙwan lantarki, fanka, talabijin, firij. Sauran sai an kawo wuta. Dutsen guga da hita wai sun fi ƙarfinsa. To wutar da ba ta guga, ba ta dafa ruwa, wuta ce?

Da yamutsattsen mayafi na tsaya gaban 'yan aji huɗu.

Alhamis, 19 ga Maris

Tsit-tsit-tsit. Ko kaza mai ƙwai ba ta kai akwatin nan surutu ba.

Lahadi, 29 ga Maris

An kawo wuta yau bayan kwana da kwanaki, yara na ta ihu a layi. Akwatin ya ƙi karɓa! Ƙwan maƙwabta na ci ja-ja kamar garwashi, namu kuma yana kan batir. Baban Kubra ya buga wa Abel waya, Abel ya ce in wutar ta yi rauni ko ta yi yawa, haka akwatin yake rufe mata ƙofa. Ji mini tsirfa. Mu da muke roƙon wuta, shi har zaɓe yake.

Ga kuma jama'a. Unguwa duk ta ji gidan Ɗanbaba ba a ɗauke wuta. Wayoyin masu caji jere a kan tabarmata, kowa da sallamarsa, ba damar in kishingiɗa. Maƙwabcinmu Hambali har cewa ya yi a mayar da rarar wutar kan wayar layi kowa ya samu. Baban Kubra ya ce akwatin ba ya tura wuta waje, don kada wani ya hau falwaya gyara yana zaton babu wuta ta kama shi. Hambali ya tafi yana cewa rowa ce. Ni za a gaya wa rowarsa?

Laraba, 8 ga Afrilu

Innata ta faɗi jiya a Bunkure. Yaya Dattijo ne ya bugo, muka same su a asibiti. Ciwon suganta ya hau sosai, alhali ba ta fasa allura ba. Likita ya ɗaga kwalbar allurar ya duba, ya tambayi inda ake ajiye ta. A gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi. Ya ce zafin bana ya fi ƙarfin randa, maganin ya lalace, kusan ruwa take ta tsira wa kanta.

Da na ga ƙafafunta a kan gadon nan... a'a, ba zan rubuta ba.

Asabar, 11 ga Afrilu

An sallame ta. Tun a bakin asibiti Baban Kubra ya durƙusa ya ce, "Inna, gidanmu na Kura za mu wuce." Ta ce ita ba ta zaman gidan suruki. Ya ce, "Ba zama ba ne, jinya ce. Maganinki ne zai zauna, ke rakiya za ki yi masa." Sai da ta yi dariya.

Yaya Dattijo ya ja ni gefe ya ce tun watan Janairu Ɗanbaba ke tambayarsa yadda ake ajiye allurar, har ya je ya tambayi wani mai kemis. Na dawo gida na same shi yana jera kwalaben a firij. Na ce, "Me ya hana ka gaya mini tun farko?"

Ya ce, "Da na faɗa, cewa za ki yi kada a wahala saboda ku."

Haka ne, da na ce. Amma haushi na nan. Wata guda ina zuba masa baƙar magana yana haɗiyewa, ya bar ni na zama mahaukaciya ni kaɗai. Mutum sai ka ce rijiya.

Asabar, 16 ga Mayu

Wuta ta zo da hauka da rana tsaka. Ƙwai suka farfashe a layinmu, talabijin ɗin Hambali ya yi hayaƙi. Namu akwatin ya yi ƙas ya koma batir, ko fanka ba ta tsaya ba. Baban Kubra sai kallona yake yana murmushi. Na ce masa tuwo na ƙonewa, na fita.

Har yanzu dai da gawayi nake guga.

Talata, 14 ga Yuli

Iskar jiya ta kayar da falwayoyi a hanyar gari, Kura duk babu wuta, an ce gyaran zai ɗauki lokaci. Sama kuma ta rufe ruf. Ruwa ya cika mini murhu, a zaure na dafa shinkafa ina hawayen hayaƙi.

Laraba, 15 ga Yuli

Babu rana, babu wuta. Fitilar batir ta sauka daga kore zuwa ruwan ɗorawa. Abel ya ce farantan na ɗan kamawa ko da hadari, amma kaɗan ne, a rage kaya.

Na rage. Na zare talabijin, na kashe fankoki, na fito da aci-balbal. Masu kawo caji na tsaya a zaure na mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Matar Hambali ta ce, "Malama, ashe ke ma kin koya." Na ce na koya. Baban Kubra da kansa ya lallaɓo zai jona wayarsa, na ce, "Wallahi ka taɓa soket ɗin nan sai mun ɓata." Ya mayar da ita aljihu.

Kubra ta buɗe firij neman ruwan sanyi, na daka mata tsawar da sai da ta yi kuka. Na rarrashe ta daga baya.

Alhamis, 16 ga Yuli

Ja. Akwatin yana ta kuka tun safe, kafin azahar ya yi shiru gaba ɗaya. Ban taɓa zaton shirunsa zai tsorata ni ba.

Inna ta ce a mayar da kwalaben gindin randa, ai damina ce. Wataƙila da gaskiyarta, amma na tuna gadon asibiti, na ce a'a. Baban Kubra ya ɗaure buhu a bayan babur ya kama hanyar Kano cikin ruwa, don duk Kura ba mai ƙanƙara. La'asar ta wuce, shiru. Ga wayarsa ba caji, ni na hana. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Gab da magariba ya shigo, jiƙe sharkaf, gwiwar wando a yage, santsi ya kayar da shi. Ƙanƙarar ta narke saura rabi. Muka zuba a kula, na naɗe kwalaben da tsumma na sa a gefe. Inna ta riƙe hannunsa tana ta sa albarka, shi kuma yana ta sunkuyar da kai.

Na dafa masa ruwan zafi na gasa gwiwar. Na ce, "Kai dai ba ka jin magana." Ya ce, "Wa ya yi maganar?"

Juma'a, 17 ga Yuli

Rana ta fito! Ina cikin koyar da lissafi na ga haske ya faɗo ta taga, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, yara suka juyo suna kallona. Da na dawo, firij na gurnani, Inna ta yi allurarta tana tsinke zogale.

Asabar, 25 ga Yuli

An gyara falwayoyi tun Talata. Abel ya zo duba ruwan batir, Baban Kubra yana gonar shinkafa. Abel na shiga falo ya tsaya cak.

"Malama, wa ya sa masa riga?"

Ragowar atamfata ce ta Sallah, na ɗinka masa har da leshi a baki, saboda yanar gizo da kashin ƙadangare. Ya ce a cire, ta ramukan nan yake shan iska, in ya yi zafi zai ƙone. Na cire. Wai har raina ya ɗan sosu.

Ya ce in ina so, in ɗora ɗan ƙyalle a samansa kawai, ban da gefe. Na ce ni ina ruwana, tsabtar falona nake yi.

Na yanke ta daidai saman. Ta zauna kyau.