Ba Zan Daina Feɗe Idon Saniya Ba

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Iyaye da Malamai na makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aikin rake, ya haƙuri da jama'a?

Ranka ya daɗe, hukuncin kwamitinku ya iso ni: wai kada in ƙara shiga aji da idon saniya, domin ana yaɗawa a gari cewa malamar ilimin halittu tana tara idanu don asiri. Ba ku kira ni ba, ba ku tambayi ɗalibi ko ɗaya ba. Har mahaucin da ke ajiye mini idanun a kasuwar Makarfi kun sa an ja masa kunne. Tunda a bainar jama'a aka ɓata mini suna, a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa zan amsa.

Na ɗaya, ga abin da nake yi da idon. Tsaga shi nake da reza a gaban yara, in fito da madubin ciki, wanda ke tattara haske. Madubin nan a cikin wata 'yar jaka yake, tantani garai-garai da bai kai ɓawon albasa kauri ba, saƙe da zaruruwan furotin kamar raga. In aka ja shi a hankali sai ya miƙe ya koma. In aka yaga, gefensa ya naɗe. Irinsa ne a idon mutum, kuma yana ƙara kauri da tauri in shekaru sun ja. Wata ɗaliba da ta ɗora madubin a kan rubutu, ta ga baƙaƙen sun girma, sai da ta yi salati, ta ce ashe da tabarau aka haife mu. Asirin ke nan, Alhaji.

Na biyu, mahaifina manomi ne a Gubuchi. Da yanar ido ta rufe masa gani, wani mai yawo da allura ya sauka a garin bayan girbi, ya ce datti ne a saman ido, yanzu zai kawar. Ya soka. A ranar, Baba ya ga haske, har ya faɗi launin mayafina, muka yi ta murna. Ba a jima ba idon ya kumbura, ya yi ja, gani ya tafi. Daga baya likita ya ce allurar ce ta fasa jakar nan, abin ciki ya fito ya lalata idon. Da an kawo shi asibiti jakar na lafiya, buɗe ta za a yi, a cire madubin da ya dushe, a sa sabo a cikinta. Baba ya rasu ana ja masa sanda zuwa masallaci. Duk gidanmu ba wanda ya san akwai wata jaka.

Na uku, an ce in zana a allo. Na zana. Haddacewa suke yi su manta. Amma yarinyar da ta taɓa tantanin nan da yatsanta ba za ta tsaya tana kallo a cusa wa tsohuwarta allura a ido ba. Girbi ya kusa, masu allura suna hanya, kuma ɗalibaina daga Nasarawan Doya har Kudan kowa da tsoho a gida.

Roƙona shi ne ku janye hukuncin, ku wanke mahaucin da bai ci ba bai sha ba. In kun ƙi, aji naku ne, ban yi musu ba, amma ƙofar gidana tawa ce. Ranar Asabar da hantsi zan shimfiɗa tabarma, in feɗe ido a gaban duk yaron da iyayensa suka bari ya zo. In abin ya kai a sauya mini makaranta, ko'ina aka kai ni akwai mahauta. Kai ma ka zo, Alhaji, da kujera zan tarbe ka, in ba ka rezar da hannuna.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a shugabancinka, ya bar maka ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Malama Rakiya,
malamar ilimin halittu.