Jinin Memuna Aro Ne

Zuwa ga Dakta Awudu, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, a can ƙasar sanyi inda yake aiki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda addini ya ɗora mini, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, har da wayarka, wadda na lura ta kurumce tun bayan babbar Sallah. Ni ce yayarka Rabi, mai koko da ƙosai a bakin babban gota, wato lambatun unguwar Nima, in ba ka manta ba. Na kira ba ka ɗauka ba. Na aika saƙon murya, na ga alamar ka saurara, ka yi gum. Shi ya sa na kawo maganar nan shafina, inda abokanka 'yan boko masu yi maka tafi za su karanta tare da kai. Tun kana yaro na san duka ba ya motsa ka, kunya ce kaɗai take iya maka.

Maganar jinin Memuna ce. Kai ka sani, amma zan ɗauko ta daga tushe saboda masu leƙe.

Ina ɗauke da ƙanjamau. Ga shi na rubuta da hannuna, wanda zai daina shan kokona ya daina, dama rabin unguwa sun sani suna yi kamar ba su sani ba. Memuna maƙwabciyata, mai sayar da wake da shinkafa, ita ma haka. A layin karɓar magani muka gano juna. Kowacce ta ja mayafi ta rufe fuska, sai na sunkuyar da kai na ga silifas ɗin da nake gani kullum a ƙofar ɗakinta. Muka yi ta dariya har nas ta leƙo ta yi mana tsawa. Uwarta, Mma Lariba, ta ba ni izinin ambaton sunanta a nan, ta ce gorin mutanen Nima ba zai isa inda 'yarta take kwance ba.

Magani iri ɗaya ake ba mu, daga taga ɗaya, kuma tare muke sha. Ni ya karɓe ni, na yi ƙiba har ana tambayata ko na sake aure ne a ɓoye. Ita kuwa jiri, mugayen mafarkai, idanu suka yi rawaya, zani ya riƙa zagaye ta sau biyu. Aka canza mata wani, shi ma bai zauna ba. Duk lokacin da aka auna jininta sai a ce cutar ba ta kwanta ba, sai a hau ta da faɗa wai ba ta sha. Ni ce shaida, a gabana take haɗiyewa. Mutanen gidansu suka ce jifa ne, aka shiga rubutu da hayaƙi.

Ana cikin haka ka dawo gida da farar mota da albishir. Ka ce wasu masu ba da tallafi a waje sun ware kuɗi don a binciki abin da ya sa magani yake yi wa wani aiki ya ƙi yi wa wani, kuma kana cikin waɗanda aka ba. Ka zauna a kan bencina ka yi mini bayani da Hausarka mai faci da Turanci. Ka ce kowa akwai abin da ya gado daga iyayensa a cikin ƙwayoyin halittarsa, kuma shi ke gaya wa hanta yadda za ta sarrafa magani, kamar injin niƙa, na wani ya niƙa da sauri, na wani ya cushe. Ka ce an fi yin irin wannan bincike da jinin wasu mutane, namu kaɗan aka duba. In aka duba, za a san wa za a ba wane, a daina zagin marar lafiya a kan abin da ba laifinta ba. Wallahi ranar na yi alfahari da kai har ƙosaina ya ƙone a kasko.

Sai dai ka manta inda aka haife ka. A Zongo ba a miƙa wa baƙo jini haka kawai. Mata suka ce sikaduro za a yi da shi, tsafin kuɗi, shi ya sa motar take fara fat. Ni na bi su ɗaki ɗaki ina rantsuwa cewa ni na goya ka. Wasu suka yarda. Memuna ta yarda tun farko, amma Mma Lariba ta biyo ta har asibiti ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba mai taɓa mata 'ya.

Ka tuna abin da ka yi? Ka cire hula, ka durƙusa a kan siminti da wandonka mai tsada, ka ce: “Mma, aro ne kawai. In mun gama dubawa za mu kawo muku abinku.” Da wannan kalma ta matsa daga ƙofa, aka ɗebi jinin Memuna kamar yadda aka ɗebi nawa.

Kada ka ce mini Hausa ce ta kuɓuce maka. A ɗaki ɗaya muka tashi a unguwar Maamobi, uwa ɗaya ta koya mana. Gishiri da gari rance ne, ka cinye ka mayar da kamarsa. Kyauta an ba ka ke nan har abada. Amma tukunya aro ce, ita ɗin dai za ka mayar, ba 'yar'uwarta ba. Kai ne fa aka aika ka karɓo babbar tukunyarmu ta suna, mai jan fenti a gindi, ka dawo da ta wani gida wai ai duk tukunya ce. Mma tamu, Allah ya jiƙanta, ta kama kunnenka ta zagaya da kai gida gida har aka samo tata. Wanda aka yi wa haka ba zai ce bai san aro ba.

Na san amsarka, don na san bakinka. Za ka ce sakamako kake nufi, shi ne “abinku”. To na ji. Ina sakamakon? Ba jini, ba amsa, ba ko sallama.

Tarin fuka ya zo wa Memuna ya hau kan abin da ke akwai. Magungunan suka yi mata yawa, jikin ya ƙi ɗauka. Ta rasu da damina, ranar da gota ya cika ya shigo mana ɗakuna, sai da aka ɗaga makara sama aka bi ta lungu. Ina cikin masu wanka. Gashin da ya fita a mataji muka tattara muka sa mata a cikin likkafani, kamar yadda aka saba, don kada a bar komai nata a waje. Muna gamawa Mma Lariba ta dube ni, idonta a bushe, ta ce da Hausarta ta Zongo da ba ta raba mace da namiji: “Rabi, saura wanda ke hannun ƙaninka.”

Tun daga nan kowace Juma'a sai ta zo. Ba ta sayen koko, in na zuba mata ma ba ta sha. Ta zauna a ƙarshen benci, daidai inda ka zauna, ta jira masu saye su ragu, ta tambaya ko ka kawo. Ni kuma in ce ana kan dubawa. Har wurin limaminmu na je, ya ce ba farilla ba ne, Memuna ta cika a kabarinta, a kwantar wa tsohuwa da hankali. Na kai mata wannan magana da murnata. Ta ce ita ba liman ta ara wa ba.

Sai kiran nan naka na ƙarshe. Ka ce an yanke tallafin, masu ba da kuɗin sun juya ga wani abu, an sallami abokan aikinka, bincike ya tsaya a tsakiya. Ka ce kwalaben jinin suna cikin firiza, ita ma firizar biya ake yi, kuma in ba a sami wani tallafin ba ƙa'ida ce a kawar da su. Na ce a kawar ta yaya? Ka ce ƙonawa ake yi.

Wuta, Awudu! Mu da ko farce muka yanke sai mun tona ƙasa mun rufe. Cibiyarka tana nan binne a bayan tsohon gidanmu, ko da yake yanzu an gina shagon gyaran waya a kai. Kai ne za ka tsaya da farar riga a jefa jinin Musulma a wuta, matar da take ƙara maka nama a shinkafa tana cewa ɗan makaranta sai da ci? Ka faɗa mini wannan magana kamar kana karanta sanarwa, kuma daga ranar ka daina ɗaukar wayata.

Ina jin haushin masu kuɗin nan, kada ka zaci na ƙyale su. Sun zo da riguna masu rubutu da masu ɗaukar hoto, suka ce mu muke da muhimmanci. Da suka gaji suka naɗe tabarmarsu, ko waiwaye babu. Wanda ya fara yi wa mutum aski ya bar shi da rabin kai ya fi wanda bai taɓa shi ba mugunta, don mu da can ba mu sa rai ba. Yanzu akwai wata yarinya da take zama kusa da ni a layin magani, idonta ya fara yin irin na Memuna, kuma na ji nas tana yi mata faɗan da na haddace. Amsar da za ta cece ta wataƙila tana cikin firizarku tana jiran ashana. Amma ni ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba su ne suka durƙusa a gaban Mma Lariba ba. Kai ne.

Na ɓoye mata maganar wutar har na gaji da ƙarya. Juma'ar da ta wuce na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ka ba, da ma ta zage ka da na ji sauƙi. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta tafi.

Washegari ta dawo da wani abu a dunƙule a hannu. Farin ƙyalle ne, bai kai hankici ba. Daga likkafaninta ta yanko, wanda ta ajiye wa kanta a ƙasan akwati tun ba a haifi jikokinta ba. Ba zan ari bakinta in ci mata albasa ba, ga abin da ta ce: “Ka aika ma shi. Ya naɗe shi a ciki, kada ya zo tsirara.”

Ƙyallen yana ƙarƙashin matashina, kuma tun da ya shigo ɗakin fushina ya fara rikiɗa, ban so ba. Sai na riƙa tuna lokacin da aka fara gaya mini ciwona, kana ɗalibi. Kai kaɗai na faɗa wa. Kai kake wanke mini zannuwa ka shanya a bayan ɗaki. Kai kake raka ni mu hau tiro-tiro, motar haya ta hanyar Kanda, mu yi dogon zagaye, don kada wani ya ga inda za mu sauka. Ranar da dangi suka gano suka ware mini kwano, ka zo ka zauna a gabansu ka karɓi cokalin daga bakina ka ci da shi. Ban taɓa yi maka godiyar wannan ba, ina yi yanzu.

Don-me muke kiranka kana ƙarami, saboda komai sai ka tambaya. Don me ruwan gota baƙi ne, don me kaza ba ta fitsari. Na san wannan tambayar ce ta kai ka inda kake, kuma na san saboda ni ka zaɓi wannan ciwo cikin duk ciwukan duniya. Shirun nan naka ba mugunta ba ce, na san yadda kake ɓuya a bayan randa in ka fasa abu. Amma ka girma, ɗan'uwana, randar ba za ta rufe ka ba.

Ga abin da nake so. Ka buga kowace ƙofa da ake ba da irin wannan tallafi. Ka juya musu wannan wasiƙa da harshensu, ka sa sunana da hotona, na daina rufe fuska. In Allah ya sa an samu, ka ƙarasa aikin, ka kawo amsa da ragowar jinin tare. In ba a samu ba, ka ɗauko kwalbar, yadda ta bi sama ta tafi haka za ta bi ta dawo. In doka ta hana ka ɗaukowa, ka nemi maƙabartar Musulmi a can ka naɗe ta a ƙyallen ka rufe da hannunka. Sannan ka zo Nima ka durƙusa inda ya kamata, ka gaya wa tsohuwa da bakinka. Tana tsufa, Awudu, tafiya daga ɗakinta zuwa bencina ta fara yi mata nisa.

Nawa jinin kuwa, da ke kusa da na Memuna a cikin sanyin nan, ba aro ba ne. Kyauta na ba ka. Ka yi aiki da shi har ɗigon ƙarshe, in ya ƙare ka zo ka ɗibi wani.

Allah ya jiƙan Memuna, ya sanyaya makwancinta. Allah ya jiƙan Mma tamu. Allah ya taɓa zukatan waɗanda ya ba dukiya su ƙarasa abin da suka fara. Allah ya ba ka ikon sauke abin da ka ɗauka da bakinka, ya kuma ara wa Mma Lariba kwanakin da za ta ga ka sauke.

Zan ba wani mai tafiya wajenku ƙyallen ya kawo maka. In ya iso, ka yi alwala kafin ka buɗe.

Yayarka da ta goya ka,
Rabi mai koko, Nima.