Ranar da Garbai ya fita daga ajina

Gure, Sha'aban, 1975

Zuwa ga yayata Balkisu, a Njamena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Mu nan sai godiya. Na zo hutu daga Yamai, na iske Inna ta samu sauƙin ƙafarta. Ruwa ya sauka, tuddan rairayi sun yi kore shar, har nakan zauna gindin dabino da hantsi ina kallon gajimare, in rasa ko barci nake ko ido biyu.

A irin wannan zama nake tuna abin da ya faru a ajina na jami'a. Ina koyar da darasi a kan farin da ya addabi ƙasarmu, taswira rataye a allo, sai Aisami, ɗan manoman Gidigir ta nan kusa da mu, ya ce makiyaya ne suka cinye ƙasa har ruwa ya ƙi sauka. Aji ya kaure. Garbai, ɗalibi guda da ya fito daga rugar makiyaya, ya tashi ya fita. Yaya, na ji tsoron ya bar karatu ke nan. Na same shi ɗakinsa, ya ce bai zo Yamai don a ɗora masa laifin sama ba. Na roƙe shi ya dawo ko sau ɗaya.

Da ya dawo na naɗe taswirar, na ce kowa ya faɗi abin da fari ya ɗauke masa, kuma ba mai katse wani. Garbai ya jero sunayen shanun ubansa a hankali, kamar mai kiran su zuwa rijiya. Aisami ya ce uwarsa ta tona gidan tururuwa neman tsaba, duk da haka ƙanwarsa ba ta kai kaka ba. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ni ma ban tilasta ba. Ciwon da ya daɗe ba ya warkewa rana ɗaya.

Shekaranjiya a kasuwar nan Gure na hango Garbai da Aisami daga nesa, suna jan wata jar karsana, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Ban kira su ba. Har yanzu ban san ko ta wa ce a cikinsu ba.

Ki gaida mini Malam Issa, da Zinariya, da Ya Kaka. Inna da Saratu suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Ma'azu