Inda Yaya Mahadi Bai Rasu Ba

Gusau, Yuli 1998

Ƙawata Saude,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya Tsafe, ya ƙafar Inna Delu? Akwai abin da na kasa faɗa miki gaban mutane ranar da kuka zo rasuwar Yaya Mahadi.

Kin tuna yadda yake murmushi shi kaɗai in yana duba takardun da ya zo da su daga Zariya? Ni na ɗauka budurwa ce, har suna na raɗa mata, kin san ni da littattafan soyayya. Ashe ba haka ba ne. Abokin karatunsa, Malam Sabiru, ya biyo ta gidanmu zai je Bungudu, ya yi mana bayani. Wai akwai mutane warwatse a duniya da ke haɗa hannu su gina abin da ke sa kwamfuta aiki, su raba kyauta, babu shugaba, babu albashi. A kansu Yaya ke bincikensa na jami'a: me ke riƙe su tare? Don ya gane su sai ya shiga cikinsu, har suka damƙa masa kula da wani sashe na aikin.

Saude, ba su san ya rasu ba. Saƙonninsu na ta shigowa kwamfutar jami'a, Malam Sabiru ya buga a takarda ya kawo. Wani ya rubuta, “Mahadi, ka yi shiru, ko mun ɓata maka ne?” Ina karantawa ina kallon labulen ɗakinsa.

A al'adarsu ba a taɓa sashen mutum sai ya saki da kansa, ko an tabbatar ba zai dawo ba. Malam Sabiru na neman izinin gida ya sanar da su. Baba ya ce ni ce mai taya Yaya jera takardunsa, ni zan yanke. Na ce a dakata.

Taki,
Muzdalifa

Gusau, Satumba 1998

Saude tawa,

Ina fata kuna lafiya, damina ta yi kyau. Na ga faɗanki, har da cewa littattafai sun juya mini kai. Ke dai saurara.

Nan gida kowa “marigayi” yake cewa. Can kuwa Mahadi ne kawai, wanda ya yi jinkirin amsa. Wani ya gyara masa kuskure yana jiran ya duba. Wani ya gaya masa an yi masa haihuwa. Muddin suna jira, akwai wani wuri a duniya da Yayana ke raye, kuma da bakina ake so in rufe shi.

Amma abin ya fara ba ni tsoro. In ina sharar ɗakinsa da la'asar sai in ji kamar yana tsaye bayana, ba fushi yake ba, gajiya ce, irin ta wanda ya rasa mai sauke masa kaya. Shekaranjiya har tsintsiyar na yar na fito.

Inna ta gan ni. Ta ce, “Mi kike riƙo, ɗiyar ga? Aikin mutane ya tsaya a wuyanshi. Ki sake shi ya kwanta.”

Ki sa ni a addu'a.

Muzdalifa

Gusau, Nuwamba 1998

Ƙawata Saude,

Gaisuwa gare ki da mutanen gida. Na yi, na sanar da su.

Da hannuna na rubuta, da ɗan Turancina na makaranta, Malam Sabiru ya aika. Na ce ni ƙanwarsa ce, ya rasu, zazzaɓi ne, bai yi fushi da kowa ba, wanda zai iya ya ɗauki sashen.

Amsoshi suka zo tuli, daga garuruwan da ban iya kiran sunansu ba. Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Malam Sabiru na fassarawa, tana amsa wa kowane, “Mun gode, Allah ya ba da lada,” kamar suna durƙushe gabanta. Wata mata ce ta karɓi aikin, ta bar sunansa a sama.

Ɗakin ya yi sanyi yanzu. Ina shara, babu kowa bayana. Na juya ma na duba.

Ranar Juma'a Malam Sabiru ya biyo, ya gaishe da Baba, ya wuce Bungudu. Hannunsa babu takarda ko ɗaya.

Ki roƙi Inna Delu ta bar ki ki zo ki yi mini gaisuwa. Ni sai yanzu aka yi mini rasuwa.

Taki har kullum,
Muzdalifa Abdulsalami