Wanda Zai Riƙe Mini Igiya

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, garinmu kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni cin abinci.

Ni tela ne a Dakoro, amma gidanmu gidan Ƴan Igiya ne. Ga wanda bai sani ba, zumunci ne na mahaƙa rijiya da kakannin kakanninmu suka ƙulla tun kafin zuwan Turawa, lokacin wurin nan duk daji ne, makiyaya suna rasa dabba da mutum don ƙishirwa. Yadda kakata ta ba ni labari, ƙasa ce ta rufta da wani mahaƙi, matarsa ta shiga bin gidaje tana roƙon hatsi, abokan aikinsa kunya ta kama su, suka taru suka yi rantsuwa. Daga ranar, rijiyar talakawa kyauta suke haƙawa, kabari ma kyauta, kuma da kaka kowane gida yana fitar da damin hatsi a kai wa marayu da matan da suka rasa maza. Har yau ana yi. Da hatsin nan tsohuwata take tuƙa tuwo tun rasuwar Baba, don keken ɗinkina bai isa ya riƙe gida biyu ba.

Gidajen an haɗa su biyu-biyu. In ɗan wannan gida ya shiga rijiya, ɗan wancan ne zai riƙe masa igiya, ba zaɓi, gado ne. In kana ciki ka ga ƙasa ta fara zuba, sai ka girgiza igiya ya jawo ka. In kuma ka mutu a ciki, shi zai kwashi ƴaƴanka ya riƙe. Tsofaffin nan ba wawaye ba ne, sun san wanda za a ƙara wa bakuna ba zai yi wasa da igiya ba.

Ta haka Yaya Sanda ya zo gidanmu yana ƙarami. Mahaifinsa ya rasu a wata rijiya wajen Korahane, Baba ne ke riƙe da igiya. Kwano ɗaya muka ci da shi, shi ya koya mini shiga rijiya, yana yi mini dariya don ina rufe ido. Yanzu shi ne abokin igiyata.

Bara wata gwaggonsa tana ciwon ajali ta kira shi, ta ce ranar nan mahaifinsa ya girgiza igiya har ya gaji, ashe Baba ya ɗaure ta a gungume ya tafi cinikin akuya da wani makiyayi. Gaskiya ce ko ruɗin ciwo, Allah ya sani, wanda za a tambaya ya riga ya tafi. Da labarin ya iso ni, na je na sami Yaya, na yi ta zuba, ina ba shi haƙuri a kan abin da ban gani ba. Wallahi da zagina ya yi da na ji sanyi. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Ƙanena, wanga zance ya wuce, kada ka sake taso shi." Tun daga nan bai ƙara cin abincin gidanmu ba, tsohuwar da ta rene shi ma daga bakin zaure yake gaishe ta.

To yanzu makiyayan wajen Azagor sun aiko, wata rijiya cikin na farko da kakanni suka haƙa ta cike da rairayi, kuma fanfo ya yi musu nisa. Za a yashe ta, juyi ya faɗo gidanmu, ni kaɗai ne namiji. Na san rijiyar, itacen da aka tokare bangonta duk ya ruɓe. Na je wajen shugabanmu, Baba Ɗan Tani, na roƙi a sauya mini mai igiya. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce ba a taɓa yi ba, wanda ya ƙi abokinsa sai ya tsaya gaban dattawa ya faɗi dalili, kuma dalilin nan ɗaya ne, ka ce ɗan'uwanka zai kashe ka. Wanda ya ƙi kira kuwa an yanke shi da gidansa daga zumuncin, ba hatsi, ba mai haƙa musu kabari. Na ce to ni in riƙe, Yaya ya shiga, ya ce juyi juyi ne, in daina zancen yara.

Abin da ya ƙarasa ni, matata Hajara ta je gidansa ta tarar yana gina sabon ɗaki, alhali ƴaƴansa duk sun yi aure. Ya karɓe ta hannu biyu, ya tambaye ta aji nawa yaranmu suke a lakwal, ya tambaya ko autarmu har yanzu ba ta shan fura sai da sukari. Ta dawo tana ta sa masa albarka, wai ba ta taɓa ganin mai zumunci irinsa ba. Ni ban gaya mata komai ba.

Wataƙila ɗaki ne kawai, wataƙila ni ne matsoraci. Amma tsoro nake ji, kuma ranar kasuwa mai zuwa za a tafi. In na ƙi, na cire tuwo daga bakin uwata. In na yi magana, na ɓata mutumin da bai yi mini komai ba tukuna. Jama'a, ku da kuke da ƴaƴa, in ku ne za ku shiga?