Ƙarfe a Ƙofar Ɗakin Goggo

Daren Talata, Umdurman

Na kasa barci. Yau Yaya Usman ya kawo muhandis, mai awon fili, ya auna gidan marigayi Baba. Za a raba filin biyu, a sayar wa mai gina benaye rabin da ke kallon titi. Na yarda tun da muka dawo bayan yaƙi muka tarar rufin ɗakunanmu ya zube, amma ban san inda igiyar awo za ta bi ba.

A ƙofar ɗakin Goggo Hawwa muhandis ya kafa ƙarfen alamar iyaka. Ƙanwar Baba ce, ba ta da gado a nan, kuma a ɗakin nan ta raine mu bayan rasuwar Inna.

Ta kawo wa muhandis shayi, ta dubi ƙarfen ta ce, "Usman, ni ina ciki ne ko ina waje?"

Yaya ya ce, "Goggo, za a san yadda za a yi." Ko kallonta bai yi ba.

Bayan isha'i na ce masa ba zan sa hannu a takardar cinikin gobe ba sai an matsar da igiyar. Ya ce in an matsar mai saye zai janye, damina ta same mu ba rufi. Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ci mini rai.

Ɗazu na leƙa ɗakinta. Tana ninke kayanta cikin akwati a hankali don kada mu ji. Na zauna na fara fitar da su. Ba ta hana ni ba.