Ɗakin da Sauro Ya Ƙaurace Wa

Zuwa ga ɗana Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal? Ya Rabi da yara? Mu nan lafiya, sai abin da na jawo da hannuna.

Waken bana na sa masa ƙwayar kashe ƙwari, na jera buhunan a ɗakin kwananmu don tsoron ɓarayi. Dubagari ya ce in fitar, na ce ɗakina ne, hancina ne.

Kwana uku ba sauro, har ina yi wa maƙwabta fariya. Sai ƙadangaru suka ɓace, ɓera ya daina motsi, ɗakin ya yi tsit. Da safe na tarar da kyanwar Innarka a sanƙare kan buhu, ido buɗe, ko ƙuda bai sauka kanta ba.

Innarka ta dafe kai ta ce, "Malam, saura wa?"

Tana asibiti yanzu, da sauƙi. Ni kuwa, shehin malamin aji uku, na kwashe buhunan. Ashe ba hancina kaɗai ke ɗakin ba.

Ku sa ta a addu'a, ka gai da jikokina. Jiya sauro ya cije ni, na yi hamdala.

Mahaifinka,
Garba